Tarihin Dalar Azurfa Ta 1804 Da Liyarin Kakanninmu

Da wuya a sami wani a cikinmu mazauna wannan unguwa da bai taɓa riƙe dalar Amurka ba, ko kuwa bai taɓa ganin ana ƙirga ta a layin 'yan canji ba. To amma dalar da muka sani ta takarda ce. 'Yan'uwanmu da ke zaune a layin canji, da masu sayen gwal da azurfa, sun san wani abu da ke yawan faruwa. Sai ka ga mutum ya zo ya ja ka gefe, ya kwance wani ƙullin tsumma, ya fito da tsohuwar ƙwandala da ya samo a adakar kakarsa, ya ce, "Alhaji, don Allah duba mini wannan, an ce Turawa na sayen irinta da miliyoyi." Sa'an nan ya nuna maka shekarar da ke jiki, 1780, ya ce ka gani fa, ta haura shekara ɗari biyu.

Ba ƙarya aka gaya masa gaba ɗaya ba. Akwai ƙwandalar azurfa da aka saya da miliyoyin daloli, kuma tarihinta muke so mu kawo wa masu karatu a wannan fitowa. Idan muka bi labarin daga farko har ƙarshe, za mu gane cewa tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada. Abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke biya shi ne ƙaranci, wato guda nawa aka buga, guda nawa suka rage, kuma wa zai iya tabbatar da hannuwan da ƙwandalar ta bi kafin ta iso.

Yadda Amurka ta daina buga dalar azurfa

A shekarar 1792 Amurka ta kafa gidan buga kuɗinta a birnin Filadalfiya, a 1794 kuma aka fito da dalar azurfa ta farko. A wancan zamani hatimin ƙarfen da ake buga kuɗi da shi abu ne mai wuyar yi, da hannu ake sassaƙa shi, saboda haka ba a yar da shi don kawai shekara ta juya. Ana ci gaba da aiki da shi har sai ya tsage ko ya cinye. Littafin lissafin gidan ya nuna cewa a shekarar 1804 an fitar da dala 19,570. Amma masana da suka bincika sun gano cewa da tsofaffin hatimai aka buga su, masu ɗauke da shekarar 1803 ko kafinta. Ke nan a cikin shekarar 1804 ba a buga ko dala ɗaya mai ɗauke da lambar 1804 ba.

Daga wannan shekara ce kuma aka tsayar da buga dalar azurfa. Dalili kuwa, kowane ɗan canji zai gane shi nan da nan. 'Yan kasuwa ne suka lura cewa dalar Sifen da ke yawo a tsibiran yankin Karibiyan ta ɗan fi ta Amurka nauyin azurfa, alhali mutanen can suna karɓar sabuwar dalar Amurka mai ƙyalli a bakin ta Sifen, ɗaya da ɗaya. Sai su kwashi ta Amurka su kai can, su musanyo ta Sifen, su dawo da ita gidan buga kuɗi a narke a buga musu sabuwa, su ci rarar. Wasu kuma ƙasar Sin ake tafiya da su ba su dawowa. Gwamnati ta ga tana ta wahalar buga kuɗi amma kuɗin ba su zama a ƙasa. A 1806 Shugaba Thomas Jefferson ya tabbatar da dakatarwar a hukumance, kuma ba a sake fito da dalar azurfa don jama'a ba sai a 1836.

Tsarabar sarakuna

A cikin waɗannan shekaru ne wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Edmund Roberts ya je fatauci Zanzibar, inda ya sadu da Sarkin Maskat, Sayyid Sa'id ɗan Sultan, wanda ke mulkin Oman da gaɓar gabashin Afirka. Da Roberts ya koma gida sai ya shawo kan gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta naɗa shi manzo zuwa ƙasashen gabas. A shekarar 1833 ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Sarkin Siyam, wato ƙasar da ake kira Tailan yanzu, ya kuma ƙulla wata da Sarkin Maskat.

Da lokaci ya yi da zai koma da takardun da aka sa wa hannu, sai maganar gaisuwa ta taso. Mu dai mun sani, ba a zuwa gaban sarki hannu rabbana. A watan Nuwamba na 1834 Sakataren Harkokin Waje, John Forsyth, ya rubuta wa shugaban gidan buga kuɗi, Samuel Moore, cewa a haɗa cikakken jerin kuɗaɗen Amurka, kowane iri guda ɗaya, a shirya su cikin akwati na alfarma don sarakunan biyu. An lulluɓe akwatin Sarkin Siyam da fata ruwan ɗorawa, na Sarkin Maskat kuwa da jar fata. Daga baya aka ƙara akwati biyu, ɗaya don Sarkin Japan, ɗaya don sarkin ƙasar da muke kira Biyetnam a yau.

To, a nan gizo ke saƙar. Jerin ba zai cika ba sai da dala, ga shi kuwa an yi shekara talatin ba a buga ta ba. Ma'aikata suka buɗe littafin lissafi, suka ga shekarar ƙarshe da aka rubuta an fitar da dala ita ce 1804. Sai suka sassaƙa sababbin hatimai, suka sa musu 1804, suka buga 'yan ƙwayoyi kaɗan da kyakkyawan aiki, fuskarsu na ɗaukar ido kamar madubi. Ba su san cewa sun ƙirƙiro kuɗin da bai taɓa kasancewa ba.

Tafiyar Roberts ba ta zo da sauƙi ba. A watan Satumba na 1835 jirgin ruwan da ke ɗauke da shi ya hau kan duwatsu kusa da tsibirin Masira, sai da ya shiga ƙaramin kwale-kwale ya yi kwanaki a teku kafin ya isa Maskat neman agaji. Ya dai miƙa wa Sarki Sa'id akwatinsa a watan Oktoba na wannan shekara, ya kai wa Sarkin Siyam nasa a watan Afrilu na 1836. A watan Yuni cutar atuni ta kashe shi a Makawo, a gaɓar ƙasar Sin. Akwati biyun da suka rage aka mayar da su Amurka, ba su kai ga masu su ba.

Kwaɗayi ya shigo

Da farko babu wanda ya san da wannan dala sai ma'aikatan gidan. A 1842 wasu ma'aikata biyu suka wallafa littafi kan kuɗaɗen duniya, suka sa hotonta a ciki. Masu tara kuɗi suka gani, hankalinsu ya tashi, domin kowa na da ta 1802 da ta 1803, amma ba wanda ya taɓa ganin ta 1804. A 1843 wani mai suna Matthew Stickney ya je gidan buga kuɗi ya ba da wata ƙwandalar zinariya da gidan ba shi da irinta, aka ba shi guda ɗaya. Daga nan labari ya bazu. Mutane suka shiga ƙirƙirar dalilan da suka sa dala 19,570 ɗin nan suka ɓace, wasu suka ce wai jirgin da ya ɗauko su ne ya nutse a teku.

Da aka ga masu nema sun yi yawa, wajen shekarar 1858 wasu ma'aikata suka ɗauko tsohon hatimin a ɓoye suka buga ƙari don su sayar. Asirinsu ya tonu domin gefen waɗanda suka buga sumul yake, alhali ta asali akwai rubutu kewaye da gefenta. Hukumar gidan ta bi ta karɓo waɗanda ta samu ta lalata, ta bar guda ɗaya. Wannan ɗayar ma a kan wata ƙwandalar ƙasar Switzalan ta 1857 aka buga ta, har ana iya hango alamun tsohon zanen a ƙarƙashi. Tana ajiye yanzu a gidan adana kayan tarihi na Smithsonian da ke Washintan. Bayan ƙura ta lafa sai ga wasu sun ɓullo, an bi gefensu an danna musu rubutu daga baya.

Saboda haka masana suka kasa dalar 1804 gida uku. Kashi na farko su ne na zamanin tsarabar sarakuna, guda takwas aka sani. Kashi na biyu ita ce ɗayar nan mai sumul ɗin gefe. Kashi na uku su ne waɗanda aka yi wa rubutun gefe daga baya, an daɗe ana lissafin guda shida, jimla goma sha biyar ke nan. A shekarar 2025 wata ta kashi na uku ta fito daga cikin kayan wani mai tarawa da ya daɗe da rasuwa, suka zama goma sha shida a duk duniya.

Gaskiyar yadda aka yi ta kuwa ba ta tabbata ba sai a 1962. A wannan shekara wani dillalin kuɗi na Landan, David Spink, ya kawo akwatin Sarkin Siyam taron masu tara kuɗi a birnin Ditiroyit, ga fatarsa ruwan ɗorawa, ga dalar 1804 kwance tare da kuɗaɗen 1834. Gani ya kori ji. A shekarar ce kuma Eric Newman da Kenneth Bressett suka fitar da littafin da ya warware tarihin dalar daki-daki.

Abin mamaki, tonuwar asirin ba ta karya farashinta ba. Mu ɗauki ta Sarkin Maskat. Ta ɓullo a wani gwanjo a Landan a 1917, aka saye ta fam 330. A 1945 ta koma hannun wani gida a Amurka a kan dala 5,000. A watan Agusta na 1999 aka yi gwanjonta dala miliyan 4 da dubu 140, a watan Agusta na 2021 kuma aka sake sayar da ita dala miliyan 7 da dubu 680. Shi kuwa akwatin Sarkin Siyam da abin da ke ciki, dala miliyan 8 da rabi aka saye shi a 2005.

Mu dawo kan liyari

Da Sarki Sa'id ya buɗe jan akwatin nan, babbar ƙwandalar azurfa ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Kuɗin da ke yawo a kasuwannin Maskat da Zanzibar a lokacin shi ne wanda ake bugawa a ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza. Shi ne kakanninmu ke kira liyari, kuma shi ne sau da yawa ke cikin ƙullin tsumman da ake kawo wa 'yan canji. Ya shigo ƙasar Hausa da Barno ta hannun fataken Sahara da alhazai. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza shi a kan wuri 2,500.

Shi ma liyari ƙaryar shekara gare shi. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha sun riga sun amince da wannan kuɗi, ba su karɓar wanda aka sauya wa kama. Don haka aka ci gaba da buga shi da hoto ɗaya da shekara ɗaya, wato 1780, shekara da shekaru. Ban da Biyana, an buga shi a Milan da Rum da Faris da Landan da Bombai. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kimanin miliyan 389, kuma har yanzu gidan buga kuɗin Ostiriya na buga shi. Liyarin da ke hannunka mai 1780 yana iya zama na 1860, yana kuma iya zama na 1940.

Yanzu mu ɗora su biyun a sikelin maƙerin azurfa. Dalar 1804 nauyinta giram 26.96 ne, azurfar da ke ciki kimanin giram 24. Liyari nauyinsa giram 28.07, azurfar da ke ciki ta ɗan haura giram 23. Ke nan a wurin maƙeri kusan kuɗinsu ɗaya. Dukansu biyu shekarar da ke jikinsu ba ita ce ta haihuwarsu ba, kuma a rubuce ma liyari ya girme ta da shekara 24. Duk da haka ita ana sayenta da miliyoyi, shi kuwa galibi kuɗin azurfarsa ake biya da ɗan abin da ba a rasa ba. Ita goma sha shida ce, kowace an san gidajen da ta zauna, shi kuwa ɗaruruwan miliyoyi ne.

Ƙaranci ma yana iya gushewa

Wani darasin kuma daga Amurkar ya fito. A 1918 gwamnatinsu ta yi dokar da ta sa aka narkar da dalar azurfa fiye da miliyan 270, aka sayar wa Ingila da mafi yawan azurfar don buƙatar Indiya. Bayan haka sai aka daina ganin dalar da aka buga a birnin New Orleans a 1903, duk da cewa an buga fiye da miliyan huɗu. Kowa ya ɗauka wuta ta cinye su, har sabuwa fil ta kai dala 1,500. Kwatsam a ƙarshen 1962 aka buɗe wani ɗakin ajiya na gwamnati aka tarar da buhunanta jibge. Cikin ɗan lokaci farashin ya faɗo ƙasa da dala 50. Waɗanda suka saya da tsada suka tafka asara. Wannan ya nuna mana cewa adadin da aka buga rabin lissafi ne, sauran rabin shi ne adadin da ya rage, kuma wani lokaci babu mai iya rantsuwa a kansa.

Abin da ke cikin adakokinmu

Ban da liyari, akwai kuɗin Turawan mulki. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, daga 1913 kuma aka fara kawo taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Sule da fataka su ne masu hoton bishiyar kwakwar manja. Fatakar nan, wato sule biyu, ita ce tsofaffinmu ke kira dala tun kafin mu san ta Amurka. A 1920 azurfa ta yi tsada a duniya, sai aka koma buga su da jan ƙarfe mai launin tagulla. Don haka sule mai shekara daga 1913 zuwa 1919 azurfa ne, wanda ya zo bayan 1920 kuwa babu azurfa a cikinsa. Akasarinsu an buga su da yawan gaske, amma wasu shekaru sun fi wasu ƙaranci, kuma masu tarawa na duba ɗan ƙaramin harafin da ke nuna kamfanin da ya buga, kamar H ko KN, duka biyu na birnin Bamingam.

Akwai kuma kwabo da ɗari da anini masu huji na 1936, masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a shekarar da ya hau. Mun sha jin ana raɗe-raɗin wai dukiya ce. Gaskiyar magana an buga su miliyoyi, ba su da wuyar samu, kuma babu azurfa a cikinsu.

Saboda haka ga 'yan shawarwari. Idan muka sami tsohuwar ƙwandala kada mu goge ta da toka ko lemun tsami ko yashi, domin a wurin masu tarawa gugar tana rage mata daraja ƙwarai, sun fi son ta da launin tsufanta. Kada mu huda ta, kada kuma mu yi gaggawar kai ta maƙera. Mu auna nauyinta, mu kuma gwada ta da maganaɗisu, domin azurfa ba ta kama shi. Mu nuna wa mutum biyu ko uku da ba su san juna ba kafin mu yi ciniki. Duk wanda ya ce yana da Bature mai saye amma sai mun fara ba da kuɗin rajista ko na gwaji, to mu riƙe aljihunmu. Haka nan duk wanda ya kawo mana dalar 1804 a kan kuɗi kaɗan, mu tuna araha ba ta ado. Tun ƙarni na 19 ake kankare lamba 1 ta ƙarshe a jikin dalar 1801 a mayar da ita 4, a zamanin yaƙin Biyetnam kuma sojojin Amurka da yawa sun koma gida da jabunta da suka saya a kasuwannin Asiya.

Wani abu ɗaya kuma ya kamata mu koya daga masu dalar 1804. Abin da ya riƙe mata daraja har da rubutu, domin an san wanda ya ba da umarni a buga, da wanda ya ɗauka, da wanda aka kai wa, da kowane gwanjo da ta shiga. Mu kuwa namu tarihin yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ta tafiya. An kafa Sabon Ibadan a 1916, daidai lokacin da sulallan azurfar nan ke sababbi, kuma da irinsu ne iyaye da kakanni suka yi cinikin goro da shanu a zangunan ƙasar nan ta kudu, suka biya sadaki, suka gina gidajen da muke ciki. Da yawansu an riga an narkar an yi zobba da awarwaro. Waɗanda suka rage, mu samu tsohuwar gida tun tana da rai mu tambaye ta, wa ya kawo wannan, daga wane gari, a zamanin wane Sarkin Hausawa? Mu rubuta a takarda, mu naɗe tare da ƙwandalar, mu mayar adaka. Ko ba ta kawo miliyoyi ba, jikokinmu da aka haifa a nan za su sami abin da za su riƙe a hannu ranar da suka tambayi inda muka fito.